Lacca: Makokin Ƙauye a Zanen Poland na Ƙarni na 19

Assalamu alaikum. Jama'a, kafin mu dubi allo, mu fara sanin halin da ake ciki. Daga 1795 har zuwa 1918 babu ƙasar Poland a taswira, domin Rasha da Furushiya (wata masarautar Jamusawa) da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu. Shi ya sa mai zanen da ya fi kowa suna a lokacin, Jan Matejko, ya duƙufa kan sarakuna da yaƙe-yaƙe, don kada mutane su manta sun taɓa yin ƙasa. Zanensa na yaƙin Grunwald, wanda ya kammala a 1878, ya kusa mita 10 a faɗi. To ina talaka a cikin wannan tarihi?

Aleksander Kotsis na cikin waɗanda suka fara shiga bukkar manomi. A 1868 ya zana yara a ɗaki mai duhu, uwarsu ta rasu. Aiki ne mai kyau, amma a ganina ya cika neman a zubar da hawaye.

Yanzu ku dubi allo. Wannan shi ne "Trumna chłopska", wato akwatin gawar manomi, na Aleksander Gierymski. Ya zana shi tsakanin 1894 da 1895 a Bronowice, wanda a lokacin ƙauye ne kusa da birnin Krakow, yau kuma zanen yana gidan tarihi na ƙasa da ke Warsaw. Ga miji da mata zaune a gaban ɗakinsu. Ga akwati shuɗi an jingine shi da bango. Mu da muka saba da likkafani da makara, wataƙila ba za mu lura nan take ba, amma ku duba girmansa. Ƙarami ne. Na yaro ne.

Babu liman, babu 'yan ta'aziyya, ba mai kururuwa. Su biyun ma ba sa kallon juna. Duk wanda ya taɓa shiga gidan da aka yi rashi bayan jama'a sun watse ya san irin wannan zaman. Gierymski bai gyara musu fuska ba, bai kuma ƙara musu tsumma don a ji tausayinsu ba. Kulawar da Matejko ya ba sarki, ita ya ba manomin da ba wanda ya san sunansa, a Galisiya, yankin Poland da ke hannun Ostiriya a lokacin, wanda talaucinsa ya zama abin misali a Turai. A nan ne nake fifita shi a kan Kotsis, ko da wasunku ba za su yarda ba.

Wani ya tambaye ni batun Zaduszki, ranar 2 ga Nuwamba da Kiristocin Katolika na can suke zuwa maƙabarta su kunna kyandir su yi wa mamatansu addu'a. Witold Pruszkowski ya zana ta a 1888, sai dai shi ya shigo da fatalwa cikin maƙabartar, don haka ya riga ya bar zanen zahiri. Wannan sai a zama na gaba, in Allah ya kai mu.