Amsoshin Tambayoyinku: Baje Kolin Koriya da Kai Yara Gidan Tarihi

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun yi tsibi, lokaci kuma ƙanƙane ne, don haka wasu amsa a taƙaice za su samu, a yi mana afuwa. Tare da ni akwai wata malama da ta daɗe tana aikin kula da kayan tarihi. Malama, sannu da zuwa.

Baƙuwa: Yawwa, sannu da aiki.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya, wai da gaske an taɓa baje kolin kayan mawaƙa da 'yan fim na Koriya ta Kudu a gidan tarihi? Ƙwarai kuwa. Gidan tarihi na V&A da ke Landan, wato Victoria and Albert, ya buɗe baje kolin mai suna Hallyu, ma'ana tashen al'adun Koriya, ranar 24 ga Satumba 2022, ya rufe ranar 25 ga Yuni 2023. An jera kaya kusan 200, ciki har da kwat ruwan hoda ta mawaƙi Psy, da tufafin masu gadi na shirin Squid Game, da banɗakin fim ɗin Parasite da aka sake ginawa. A 2024 aka kai shi Amurka, Boston da San Faransisko.

Wani daga Maraɗi yana son jin batun kuɗin shiga. Shiga V&A kyauta ne, amma baje koli na musamman irin wannan sai da tikiti.

To, ga wadda za mu daɗe a kanta, domin iyaye da yawa sun aiko da irinta. Wata uwa daga Kaduna ta ce 'ya'yanta uku sun shagala da finafinan Koriya, ta kai su gidan tarihi don su ƙaru, kafin a je ko'ina sun gaji sun fara rigima. Ina ta kuskure? Malama, bismillah.

Baƙuwa: To, Hajiya, ki duba yadda aka tsara shi wancan baje kolin na Hallyu a lokacin. Daga ƙofa kiɗa ne ke tarbar mutum, yana shiga kuma sai ya tarar da tarihi: mulkin Japan a Koriya daga 1910 zuwa 1945, yaƙin Koriya daga 1950 zuwa 1953, gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Da abin da yaro ke so aka jawo shi zuwa abin da bai sani ba. Kuma mutane kan yi ƙorafin duhun ɗakuna. Da gangan ne. Tufafi da takarda ba a ba su haske sama da lakis 50, wato ma'aunin haske, domin haske yana cin launi, launin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Danshin iska ana riƙe shi wajen kashi 50 cikin 100. Ya yi yawa, kaya su yi fumfuna. Ya yi kaɗan, fata da itace su tsage. Idan ƙwari suka shiga tufa, a naɗe ta a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, kwana 3...

Mai gabatarwa: Malama, kin tafi da mu ɗakin ajiya, yaran Hajiya kuma suna bakin ƙofa suna kuka!

Baƙuwa: Gaskiya ne, bari in dawo. Abu na farko, kada a ce sai an ga komai. Wannan shi ke kashe ziyara. A zaɓi abu 5 ko 6 tun daga gida. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 kada ya wuce awa ɗaya a ciki, kuma a tsakiya a fita a sha ruwa. A je da safe ana buɗewa, a kuma ci abinci kafin a shiga, domin ba a ci a ɗakunan kaya. Kowane yaro a ba shi takarda da fensir. Na ce fensir, domin wurare da yawa ba sa son biro kusa da kaya. A ba kowa aikinsa: wannan ya nemo abin da ya fi tsufa, waccan ta zana rigar da ta fi burge ta. Kada uwa ta tsaya karanta musu dogon bayanin bango. Ta tambaye su: da me aka yi wannan? Wa kake jin ya sa shi? Batun taɓa kaya kuma a faɗa musu dalili, cewa maiƙon hannu da gumi suna ɓata ƙarfe da zane. Yaron da ya ji dalili ya fi kiyayewa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita: abu 5 ko 6, awa ɗaya, a ƙoshi tukuna, fensir da takarda. Ni a ganina ma, mu iyaye ne da laifi. Mutum yana wuce Gidan Makama a Kano kullum, ga shi nan dab da fadar sarki, bai taɓa shiga da ɗansa ba, sannan ya ce yaran yanzu ba su san tarihi ba. Mutanen Yamai, ku ma ga gidan tarihi na Boubou Hama, har da ƙasusuwan dinoso da namun daji. Malama, idan an dawo gida fa?

Baƙuwa: A sa hannunsu aiki. Koriyawa suna da wasan gonggi, wanda duk yarinyar da ta iya carabke za ta gane shi nan take. Tsakuwa 5 ne. A watsa su, a cilla ɗaya sama, a tsinci sauran ɗai-ɗai. Zagaye na biyu bibbiyu, na uku guda uku sannan ɗaya, na huɗu duka huɗu a kwashe lokaci guda. A ƙarshe a cilla su a tare da bayan hannu, a sake cillawa a cafke, abin da aka kama shi ne maki.

Sai dalgona, wata alewar sukari ta Koriyawa. Sukari cokali 2 a ludayin ƙarfe, a wuta kaɗan, ana juyawa har ya narke ya yi launin zuma. A sauke daga wuta tukuna, a barbaɗa bekin soda ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka, a juya da sauri har ya kumbura ya yi haske. A zuba a faranti da aka shafa wa mai, a jira kamar daƙiƙa 20, a danne da gindin kofi mai ɗan maiƙo, a buga masa siffa, amma kada a huda. Wuta ta yi yawa, ya ƙone ya yi ɗaci. Soda ta yi yawa, nan ma ɗaci. Aka danne da wuri, ya manne wa kofin. Kuma narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, don haka babba ne zai riƙe ludayin. Aikin yara shi ne fitar da siffar da tsinke idan ta huce.

Mai gabatarwa: Hajiya, kin ji: babba a ludayi, yara a tsinke. Wata budurwa daga Jos tana tambayar inda za ta koyi harshen Koriya. Akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, suna koyarwa, ki tuntuɓe su ki ji lokacin rajista. Mai tambaya daga Kumasi kan ɗaukar hoto: a duba alamar da ke ƙofar ɗaki, kuma a kashe filasha. Lokaci ya ci mu. Malama, mun gode. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.