Yadda waƙar ƙanena ta shiga rediyon jami'a a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau sanyin New York ba a magana, kun ga har tururi ke fita daga bakina. Wannan ambulan da ke hannuna faifan CD ne na ƙanena da ke Damagaram, waƙoƙi takwas, gurmi da kalangu da jita. A ɗan situdiyon unguwa ya yi abinsa, ba kamfani, ba uban gida. Gidan waya za ni, mu tafi muna hira.

Manyan tashoshin rediyo na kasuwanci a ƙasar nan ko kallo ba ka ishe su ba, daga sama ake tsara musu abin da za su sa. Amma ka murɗa rediyo can farkon zangon FM, daga 88.1 zuwa 91.9. Hukumar FCC, mai kula da harkokin sadarwa a Amurka, ta ware wurin ne ga tashoshin ilimi da ba sa neman riba, kuma nan yawancin na jami'o'i suke. WKCR ta jami'ar Columbia tana 89.9, WNYU ta jami'ar New York tana 89.1. Ɗalibai ke riƙe da su, galibi ko sisi ba a ba su, son kiɗan ne kawai.

Da farko imel na yi ta turawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga baya wani ɗalibi ya ce min kowace tasha tana da daraktan kiɗa, kuma yana da sa'o'in ganawa a mako. Na shirya na tafi wata tasha da ƙafata.

Ɗaki ne ƙarami, bango duk kanta, faifai har rufi. Kowane faifai an manna masa 'yar takarda da rubutun hannu: wace waƙa ce ta fi daɗi, wacce ce ke da zagi. Daraktar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta sa waƙa ta uku, tana kaɗa kai, sai ta dakatar ta ce, "Me yake cewa?"

Ashe nan gizo ke saƙa! Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare doka ta hana sa kalaman batsa a rediyo, FCC na iya cin tarar tasha. To wanda bai ji Hausa ba, ta ina zai san bakin mawaƙinka a wanke yake? Gara ya ajiye faifan ya huta. A daren na zauna na fassara baitocin duka, na rubuta yadda ake furta sunan kowace waƙa, na nuna guda biyu da za a fara da su. Shafi ɗaya tak. Wallahi wannan takardar ta fi duk imel ɗin da na tura aiki.

Kada ku sa ran kuɗi. Rediyon AM da FM a Amurka ba ya biyan mai rerawa, marubucin waƙa ne ke samun ɗan abu ta ASCAP ko BMI, ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu, idan ya yi rajista. Ribar tana wani wuri: tashoshi na aika jerin abin da suka fi sawa ga NACC, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da ke tashe a rediyoyin jami'o'i, duk mako, masu shirya wasanni kuma suna leƙawa.

Bayan mako uku ina duba shafin intanet na Spinitron, inda tashoshi da yawa ke rubuta abin da suka sa, sai na ga sunansa, ƙarfe 11 na dare. A Damagaram 5 na asuba ke nan. Na kira shi yana alwala, ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, don Allah sake karanta min."

To ga gidan wayar, bari na shiga kafin layi ya yi tsawo.