Lacca: Yadda Ake Gane Lafiyar Asusun Majalisar 'Yan Kasuwa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena da 'yan uwana 'yan kasuwa, barkanmu da haɗuwa.

Idan ma'aji ya miƙe a taron shekara ya ce bana an samu rara, zaure ya ɗauki tafi, ni hankalina bai kwanta ba tukuna. Rarar shekara ɗaya tana iya zama fili aka sayar, ko gudummawar wani attajiri da ba za ta sake zuwa ba. A ba ni littafin shekara goma, in ga ta wace ƙofa kuɗin ke shigowa.

Ƙofofin sanannu ne: kuɗin mamba, baje koli, takardar shaidar asalin kaya, hayar gini, sai tallafi. Hatsarin shi ne ƙofa ɗaya ta ɗauke nauyin gidan duka.

Tun da aka kafa majalisar 'yan kasuwa ta farko a birnin Marsai na Faransa a 1599, majalisun nan sun rabu gida biyu. A Jamus doka ce ta wajabta wa kamfanoni shiga da biya. A Ingila da Amurka kuwa ganin dama ne. Za ka ce majalisun da doka ta tsaya musu sun huta, ko? To, Sifaniya ma haka take, har ƙarshen 2010 da gwamnati ta soke kuɗin dolen. Majalisun da ba su taɓa koyon lallashin mamba ba suka shiga sallamar ma'aikata. Sai 2020, korona ta rufe taruka, waɗanda suka jingina da baje koli su ma suka ji a jikinsu, ga albashi da kuɗin wuta ba su tsaya ba.

Shi ya sa nake tambaya biyu. Idan yau komai ya tsaya cak, wata nawa asusun ko-ta-kwana zai riƙe ofis? Ƙasa da wata uku, wallahi akwai damuwa.

Ta biyun ta fi damuna: cikin mambobin bara, nawa suka sabunta rajista? Sababbin shiga suna rufe ɓarakar, jimilla ta fito kamar ba abin da ya taɓa ta, alhali tsofaffi na zamewa shiru. Ɗan kasuwa ba ya rubuta takardar ƙorafi, daina biya kawai yake yi. Yakan ɗauki shekara biyu ko uku kafin raminsa ya bayyana a rahoton mai binciken kuɗi, lokacin kuwa ya daɗe da daina ɗaga wayar sakatare.