Amsoshin Tambayoyinku: Nazarin Sandarewar Tsoka Bayan Mutuwa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Wasiƙar farko daga wata ɗaliba ce, wadda take son sanin ko da gawar mutum ake yin wannan nazari a ɗakin gwaje-gwaje. Malama, galibi da tsokar ɓera ko zomo ko alade ake yi, domin gawar ɗan Adam tana da alfarma, kuma a dabba ne ake iya sanin ainihin mintin da rai ya fita.

Tambayar da ta fi yawa a wasiƙun wannan mako ita ce: me ke sa gawa ta sandare, kuma ta yaya aka gano dalilin? Dakta, bismillah.

"To, tun a 1811 wani likita a Faransa mai suna Nysten ya bayyana cewa sandarewa takan fara daga muƙamuƙi da wuya, sannan ta gangara ƙasa. A shekarun 1940 kuma masu bincike a Ingila suka riƙa yanko siririyar tsokar zomo, su rataya mata ɗan nauyi, suna auna miƙewarta. Da farko takan miƙe ta koma kamar roba, amma bayan 'yan awoyi sai ta ƙage, kuma hakan yana faruwa ne daidai lokacin da sinadarin ATP, wanda ke ba tsoka kuzari, yake ƙarewa. Yanzu har niƙa tsoka ake yi a zuba a kwalbar gwaji tare da sukarin da tsoka take ajiyewa, a ga yadda tsaminta yake ƙaruwa, ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 7 zuwa wajen 5.5."

Dakta ya kai mu nesa, don haka bari in maimaita. Zaruruwan tsoka suna buƙatar ATP kafin su saki juna. Idan numfashi ya tsaya, ATP ya ƙare, sai su maƙale. Sandarewar takan kankama cikin kimanin awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, yayin da sinadaran cikin tsokar suka fara narkar da zaruruwan.

Malamin da ya aiko wasiƙa har uku yana tambaya ko sandarewa tana nuna ainihin sa'ar mutuwa, Allah ya huci zuciyarka, ai ɗaya ma ta isa. Kintace kawai take bayarwa, domin gwaji a kan ɓeraye ya nuna zafi yana gaggauta ta, sanyi kuma yana jinkirta ta, kuma a ganina bai kamata a yanke hukunci da ita kaɗai ba.