Basakkwace a Fas: warin majema ya kai ni gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, Sakkwatawa na gida da na waje. Yau ga ni a Fas ta ƙasar Maroko, bakin ƙofar da ake kira Bab Bujulud. Ku duba adonta, shuɗi daga waje, kore daga ciki. A 1913 aka gina ta, don haka jinjira ce in an kwatanta ta da garin, wanda ya haura shekara 1200. Daga nan mota ba ta wucewa, sai ƙafa, sai jaki da alfadari. In ka ji an ce "balak!" a bayanka, maza ka manne da bango, kaya ne tafe.

Da na ce zan zo, kowa a gida saƙonsa ɗaya, a kai ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu nan a 1815. Na je, na yi wa kowa addu'a. Na kuma leƙa masallacin Ƙarawiyyin da Nana Faɗima al-Fihri ta kafa a 859. Amma abin da nake son nuna muku yau yana can ƙasan gangara.

Ku saurari wannan ƙara. Dandalin Saffarin ke nan, wurin maƙeran tagulla. Wannan dattijon ya rungume wata ƙatuwar tukunya tsakanin gwiwoyinsa, yana juya ta kaɗan-kaɗan, guduma na sauka wuri-wuri kamar ana jera ƙwayar gero. Ko kallon hannunsa ba ya yi. Wallahi na rufe ido sai na ji kamar ina unguwar Maƙera Assada ta Sakkwato da hantsi.

To yanzu ku yi haƙuri da girgizar hoton, matakalar ƙunci gare ta. Wani yaro ya miƙo mini ganyen na'a-na'a, wai in sa a hanci. Na gode masa na riƙe a hannu. Ni jikan majemi ne, wannan warin da shi na tashi.

Ga ta nan, majemar Shuwara. Ramuka birjik kamar na marina, wasu farare fat da farar ƙasa da kashin tantabara, inda ake tuje gashi a tausasa fata, wasu ja, wasu rawaya, wasu ruwan ƙasa. Dubi wancan bawan Allah, ya shiga har cinya yana tattaka fatu da ƙafa. A kan soraye kuma an shanya na rawaya suna shan rana.

Nan ne hawaye suka zo mini. Kakana, Allah ya jiƙansa, haka yake kwana biyu da fata a ruwan bagaruwa, ya fito da ita ya goga, ya rina ta da jan karan dafi har ta yi kamar garwashi. Tafin hannunsa bai taɓa komawa launinsa ba har ya bar duniya. Mu kuwa yara, in abokan makaranta suka biyo ta shiyarmu suna toshe hanci, sai mu noƙe. Ban taɓa zama na ce Kaka koya mini ba, kuma abin na ci mini rai.

Ga wani abu da ya kamata kowane Basakkwace ya sani. Da yawa daga abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, wadda suke yi wa littattafai masu tsada bango da ita, fatar jar akuyarmu ce. Fatake ke ɗaukar ta daga Sakkwato da Kano a kan raƙuma, su keta Sahara zuwa garuruwan Larabawa na bakin teku, can Turawa su saye ta, sai sunan inda suka saya ya bi ta. Na gaya wa mai shagon da muke tsaye a kan soronsa da guntun Larabcina. Ya yi murmushi, ya ɗauko fatar akuya ya ce in taɓa. Na murza ta, na shinshina. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya, amma na riƙe wadda ta fi ta laushi a zauren gidanmu.

UNESCO ta sa tsohon garin nan cikin kayan tarihin duniya tun 1981, kuma ga baƙi nan daga Faransa da Sin suna layi don su kalli majemi yana aikinsa. Namu majeman da dukawan suna nan a raye, suna aiki, sai dai ba mai hawa soro ya ɗauke su hoto.

Na saya wa Baba takalmin balga mai rawaya, mun sha ciniki kafin ya sallama. In Allah ya kai ni gida da Sallah, kamarar nan zan ɗauka in je wurin ƙanen kakana, shi kaɗai ya rage mai jima a gidanmu. Inna, in kina kallo, ki gaya masa kada ya zubar da tsohuwar kwatarniyar bagaruwar nan, ina zuwa.