Sharhi: Albasa Tamu, Riba ta Wasu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A watan Nuwamba na 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci. Da aka jera jihohi, Sakkwato ce a kan gaba da kusan kashi 91, Ondo kuma a ƙarshe da kashi 27. Ba daɗin ji, amma ba kuɗin aljihu kawai aka duba ba. An duba nisan gida da asibiti, da yaran da ba su zuwa makaranta, da ruwan sha, da makewayi, har da itacen da uwargida ke hura wuta da shi. Kowa ya leƙa ƙauyensu ya yi wa kansa lissafi.

Ba mu kaɗai ba ne. Bankin Duniya ya ce a 2024 kusan mutum miliyan 700 ne ke rayuwa a kan abin da bai kai dala 2.15 a rana ba. A 1990 sun kai kimanin biliyan 2. An samu sauƙi ke nan, sai dai galibinsa a Asiya ne, musamman Sin. A 2024 ɗin, kashi biyu cikin uku na waɗanda suka rage suna Afirka kudu da Sahara.

Wasu na cewa lalaci ne. Mai faɗin haka bai taɓa zuwa fadama a Wurno ko Goronyo da sanyin asuba ba, ya ga mutum tsamo-tsamo cikin laka yana ban ruwa. Ku ɗauki manomin albasa. Da bashi ya sayi taki, da bashi ya zuba fetur a injinsa. Ranar da ya cire albasa, ranar kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Mai bashi na bakin ƙofa. In ya ce zai ajiye a rudu, wato ma'ajiyar albasa, zafi da ruɓewa su ci rabonsu. Dole ya sayar wa dillali, a loda mota sai Legas ko Onica. Bayan 'yan watanni buhu ya yi tsada, amma a lokacin albasar ba tasa ba ce. Wata shekara ma haka, ya sake komawa wurin mai bashi.

Abin da ke samun wannan bawan Allah shi ke samun ƙasashe sukutum. Kwaddibuwa da Gana ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma manyan kamfanonin cakulan suna Turai da Amurka. Maƙwabtanmu Nijar sun haura shekara 50 suna haƙar yuraniyom a Arlit, duk da haka sun daɗe suna sayen lantarki daga Najeriya. Mu ma fatar jar akuyarmu, tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ko sunan ma bai dawo gida ba.

Sai kuma abin da ya fi ciwo. A Isa da Sabon Birni da Rabah, akwai garuruwan da manomi ba ya shiga gonarsa sai an biya 'yan bindiga haraji. Gidan da aka ɗauke wa mutum guda, shanu da gona da hatsin rumbu duk suna tafiya a kuɗin fansa, abin da aka tara shekara ashirin ya ƙare cikin mako biyu. Matan da muke gani da yara a bakin titunan birnin Sakkwato, da yawansu rumbunansu suka baro.

Ana cikin haka aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Ba a daɗe ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakar Illela har zuwa Maris na 2024. Kuɗin ban ruwa ya tashi, hanyar Ƙonni ta toshe, duk a shekara guda, a kan mutum guda.

A huta lafiya.