Yadda Michigan Ta Sayo wa Kanta Duka da Dala 400,000

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla. Don Allah a rage fankar nan, tana kwashe min takardu.

An ce in yi magana a kan ƙwallon jami'o'in Amurka, wannan da ake sa kwalkwali ana ture-ture, wadda suke kira ƙwallon ƙafa alhali rabin wasan da hannu ake yi. (dariya) Tambayar da zan bi ita ce: idan babbar jami'a za ta kara da ƙarama, amma ƙaramar nan ita ce zakara a rukuninta, da me za ka auna wanda zai yi nasara? Abubuwa huɗu na rubuto.

Na farko shi ne tsarin, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Matakin sama hawa biyu ne. Akwai FBS, mai jami'o'i sama da 130, a ciki ne manyan rukunai irin su Big Ten da SEC suke. Ƙasa da shi akwai FCS. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, dokar ita ce jami'ar FBS tana iya ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 85, ta FCS kuwa 63. Sannan akwai wata al'ada: babba takan kira ƙarama ta zo gidanta, ta biya ta kuɗi, ba ramuwar ziyara. Babba ta cika fili ta sayar da tikiti, ƙarama ta karɓi cek ta sha kashi ta koma gida. Kowa ya san abin da ya kawo shi.

Ga waɗanda ba su saba ba, lissafin maki: in ka kai ƙwallo can ƙarshen fili, gidan abokan karawa, maki 6. Daga nan sai ka zaɓa, ko ka buga ta tsakanin sanduna ka ƙara 1, ko ka sake kutsawa ka nemi 2. Ku riƙe wannan, zai dawo. Bugun sanduna shi kaɗai maki 3. Wasa kashi huɗu ne, kowanne minti 15.

Na biyu. Wace ce ƙaramar? Nan ne mutane suke rasa kuɗinsu, nan ne kuma nake so mu zauna.

Ranar 1 ga Satumba, 2007, a garin Ann Arbor. Filin jami'ar Michigan, 'yan kallo 109,218. Michigan ce ta 5 a jerin ƙasar baki ɗaya. Manyan 'yan wasanta uku, Chad Henne mai jefa ƙwallo, Mike Hart mai gudu da ita, da Jake Long, ƙaton da ke tsare gaba, duk sun zauna shekararsu ta ƙarshe a makaranta maimakon su tafi NFL, babbar gasar ƙwararru. Shi Long ɗin nan, shekara ta gaba shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, na ɗaya cikin kowa. To waɗannan mutane ne suka kira wata jami'a daga wani ƙaramin gari mai suna Boone, a duwatsun jihar Carolina ta Arewa, Appalachian State, suka ba ta dala 400,000 ta zo a buɗe kakar wasa da ita.

Wanda ya ƙulla wannan wasa ya duba hawan da take, ya ga FCS, ya ce shi ke nan. Amma Appalachian State ita ta ci kofin FCS a 2005, ta sake ci a 2006. Kuma a ƙarshen wannan shekarar ta 2007 ta ci na uku a jere. Yaran nan ba su san yadda ake shiga fili da niyyar faɗuwa ba. Ɗan damben da ya saba kisa a ƙauye, don ka kai shi birni ka tara masa jama'a, hannunsa dai shi ne hannunsa. Kocinsu Jerry Moore dattijo ne, yana wurin tun 1989. Mai jefa musu ƙwallo, Armanti Edwards, yaro ne siriri ɗan aji biyu, amma in ya ga ba wanda zai jefa wa sai ya zura da kansa, kuma kamo shi aiki ne.

Michigan ta fara ci. Kowa ya ce to ga shi nan, an fara. Ba a jima ba Edwards ya jefa wata 'yar gajeriyar ƙwallo ga Dexter Jackson, yaro ya tsaga tsakiya, yadi 68, ba wanda ya taɓa rigarsa. Ku nemi hoton bidiyon, yana intanet. Ku kalli masu tsaron bayan Michigan, suna gudu iya ƙarfinsu, tazara sai ƙaruwa take. A nan wasan ya nuna fuskarsa. An gina Michigan ne don karon ƙarti, irin na Big Ten, a tara jiki a tsakiya a yi ta turawa. Su kuwa waɗannan sai suka baza masu karɓar ƙwallo huɗu, wani lokaci biyar, daga wannan gefen fili zuwa wancan. Ƙato mai kilo 110 dole ya fito fili ya bi yaro mai kilo 80. Ina zai kamo shi? Ina zai kamo shi, jama'a? Aka tafi hutun rabin lokaci Appalachian State na da 28, Michigan na da 17.

Malam na gefen taga yana girgiza kai, ɗan Michigan ne hala? (dariya) Yi haƙuri, da sauran tafiya.

Bayan hutu Michigan ta farfaɗo, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya faru. Hart, duk da ciwon da ya hana shi wani ɓangare na wasan, ya kai ƙwallo gida a kashi na uku, 31 da 26. Suka nemi maki 2, suka rasa. A kashi na huɗu, saura minti huɗu da rabi, Hart ya sake ɓallewa, yadi 54, Michigan ta hau gaba 32 da 31. Suka sake neman maki 2, suka sake rasa. Na ce ku riƙe lissafin nan. Sau biyu suka bar maki 1 na hannu suka bi 2, kuma da maki 2 aka cinye su. Ba na cewa kocin Michigan, Lloyd Carr, ya yi wauta, lissafinsa a lokacin yana da hujja, amma dai ga yadda ta kaya.

Yanzu ku ji ƙarshen. Edwards ya yi kuskure, ya jefa wa ɗan Michigan ƙwallo. A ce an gama. Michigan ta matso ta nemi bugun maki 3, aka tare bugun. Appalachian State ta ɗauki ƙwallo, ba ta da sauran damar tsayar da agogo ko ɗaya, ta ci yadi 69, Julian Rauch ya buga ta shiga, 34 da 32, saura daƙiƙa 26. A ce an gama kuma. Henne ya ɗaga ƙwallo ya jefa wa Mario Manningham, yadi 46, saura daƙiƙa 6. Bugu ɗaya daga yadi 37, Michigan ta tsira da mutuncinta. Sai Corey Lynch ya kutso daga gefe ya tare ƙwallon da jikinsa, ya ɗauka ya yi ta gudu har agogo ya cika. Mutum dubu ɗari da tara, tsit.

Mako na gaba Michigan ta fice daga jerin 25 gaba ɗaya, daga ta 5 zuwa babu. Kamfanin dillancin labarai na AP, mai fitar da jerin, sai da ya sauya dokarsa don a iya zaɓen jami'o'in FCS. Sai kuma Oregon ta zo, ita ma masu baza 'yan wasa ne, ta yi musu 39 da 7 a wannan filin. Kun ga ashe ba tsautsayi ba ne kawai, akwai ɓaraka a ginin, yaran Boone ne suka fara leƙa ta.

Wanne nake? Na uku, salon wasa. Ai na cinye shi a cikin na biyu. To mu ce na uku shi ne lokaci. A ƙwallon jami'o'i ba a wasan share fage, wasan farko na lissafi ne. Jerin da ake fitarwa a Agusta hasashe ne, ba wanda ya ga kowa a fili. Don haka in za a yi ɓarin nan, galibi a Satumba ake yi. Appalachian State ɗin nan ta sake yi a 2022, ta je gidan Texas A&M, ta 6 a ƙasa, ta ci 17 da 14, aka kuma biya ta dala miliyan 1.5. Kun ga farashin duka ya tashi. (dariya)

Na huɗu shi ne benci, wato 'yan wasan canji, kuma kada labarina ya ruɗe ku. Sha ɗaya na farko na ƙaramar jami'a za su iya riƙe kowa na ɗan lokaci. Matsalar tana wajen na 30 da na 40. In gajiya ta zo a kashi na huɗu, babba ta sako sabon ƙato, ƙarama ta duba baya ba kowa. Shi ya sa mafi yawan waɗannan wasanni babba ce ke ci, da rata mai yawa. A 2014 Appalachian State ta koma Ann Arbor, aka yi mata 52 da 14. Shugaban taro yana nuna min agogo, to a kawo tambaya ɗaya.

Tambaya daga wata ɗaliba: Malam, na ji yanzu ana biyan 'yan wasan kuɗi kuma suna sauya makaranta yadda suka ga dama. Ƙananan za su iya sake yin irin wannan?

Malama, kin taɓo inda ya fi duk abin da na rubuto. Daga Yulin 2021 aka halatta wa ɗan wasan jami'a ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, a shekarar ne kuma aka sassauta dokar sauya makaranta, ba sai ka zauna shekara guda ba ka wasa ba. A 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kusan dala miliyan 20 a shekara ga kowace. Ƙarfin Appalachian State na 2007 daga ina ya fito? Daga yaran da suka shekara uku, huɗu tare. A yau irin Edwards, in ya yi wannan wasa a Satumba, kafin Janairu wayarsa ba za ta huta ba. Manya sun mayar da ƙananan gonar renon 'yan wasa.

Amma abin bai mutu ba. A Satumban 2024 Northern Illinois ta je gidan Notre Dame, ita ma ta 5 a ƙasa, ta ci 16 da 14, kuma da tare bugun ƙarshe aka rufe wasan. Notre Dame ɗin nan ba ragwaye ba ne, a wannan kakar suka kai wasan ƙarshe na ƙasa, Ohio State ta doke su 34 da 23. A shekarar kuma Boise State ta riƙe tauraronta Ashton Jeanty, ya ci yadi 2,601 da gudu, suka shiga gasar fitar da gwani ta jami'o'i 12, sai Penn State ta tsayar da su 31 da 14. Don haka in kina so ki auna irin wannan wasa yanzu, kafin ki duba kofunan bara, buɗe jerin sunayen 'yan wasa ki ƙirga nawa ne daga cikin waɗanda suka ci kofin suke nan har yau, musamman mai jefa ƙwallo da ƙartin gaba biyar. In sun kai rabi, babbar jami'ar tana da aiki a gabanta. Shugaba, na ga hannunka, na tsaya. Wassalamu alaikum.